Tsohuwar da ke Bayan Gida

Sana'ata gilashin mota, amma ba na motocin yanzu ba. Waɗannan suna nan jere a shagunan Zariya da Kano, mai kuɗinsa ya je ya zaɓa. Nawa sai an bi ƙauye an nemo. Gilashin gaba ne na motocin da aka daina ƙerawa tun ina saurayi: a-kori-kurar nan da har gobe take jigilar rake daga fadamun Kudan zuwa kasuwar Makarfi, da ƙananan motocin da manyan ma'aikatan zamanin da suka hau. Inji in ya mutu makanike ya tashe shi, ƙarfe in ya ruɓe mai walda ya yi masa faci. Gilashi kuwa in ya fashe ba shi da magani, sai an samo ɗan'uwansa a jikin wata motar da ta daɗe da mutuwa a bayan gidan wani.

Ba gadon gidanmu ba ne. Gidanmu a Ikara gidan karatu ne, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya so in zauna a zaure kamar yadda ya zauna. Na yi karatu daidai abin da Allah ya ƙaddara mini, hannuna ya faɗa da ajami, boko kuwa da gemuna na tsinci ɗan abin da na tsinta. Amma karatun ya yi mini rana ta inda ban zata ba. Wanda ya sha faɗa saboda ya manta ɗigo ɗaya a ƙarƙashin harafi ba ya raina ƙaramar alama. A kusurwar kowane gilashi na asali akwai ɗan tambari wanda rana ta cinye. Nakan shafa masa yawu da babban yatsa, in karkata kai har haske ya faɗa masa, in gane shi da siffarsa kamar yadda ake gane hannun marubuci ko bai sa suna ba. Daga nan in auna faɗi da tsawo da zare, in dubi yadda ya lanƙwasa a gefe.

Tsohon gilashi iri biyu ne. Akwai mai danƙo, wato falle biyu da aka haɗa da danƙo a tsakani. Shi in dutse ya same shi tsagewa yake yi kamar yanar gizo, amma yana nan a tsaye. Akwai kuma wanda muke ce wa mai gishiri, falle ɗaya mai kauri. A tsakiyarsa ko naushi ka kai masa ba ya ji. Amma a baki, in ƙarfe ya cije shi ko aka murɗa shi ba daidai ba, gaba ɗaya yake tashi lokaci guda, ya zube ƙanana kamar gishiri, da ƙara irin ta bindiga. Da farce ake bambance su. Ka ƙwanƙwasa mai danƙo ka ji muryarsa a toshe, mai gishiri kuwa sai ya amsa maka garau.

Ina da abokin ciniki a Zariya, shi ya san masu saye, yawanci alhazan birni masu son su tayar da motar mahaifinsu ta koma yadda suka san ta. Mutum ne mai raha, ba ya iya magana ba wasa a ciki. A bakinmu, mu 'yan wannan sana'a, matacciyar mota sunanta tsohuwa, gilashinta kuma fuska. Haka muka taras ana faɗa, haka muke faɗa, ban taɓa zama na saurari yadda maganar take faɗawa a kunnen wanda ba namu ba.

Abin ya faru da damina, a shekarun nan da labarin masu ɗaukar mutane ya hana ƙauyuka barci. Ko inda ba su taɓa zuwa ba, tsoronsu ya riga su isa. Kowane gari ya kafa 'yan sintiri, baƙon fuska kuma ba a sake masa kallon da. Wani direban rake ne ya gaya mini a Makarfi cewa akwai mota irin wadda muke nema a wani ƙauye can bayan Paki. Ba zan kama sunan ƙauyen ba, don mutanen kirki ne, tsoro ne ya yi musu yawa.

Na hau babur ɗina na isa bayan azahar. Masara ta rufe hanya dama da hagu, ta fi mutum tsawo. Na yi sallama a ƙofar gidan da aka kwatanta mini, wata murya daga ciki ta ce mazan suna gona. Motar kuwa ba a cikin gida take ba, tana fili a bayan katanga, sai na zagaya. Ta nutse a ƙasa har gindin ƙofa, kabewa ta haye bayanta. Amma gilashin, tabarakallah, ko ƙwarzane babu. Na shafa tambarin, na asali ne. Na ƙwanƙwasa, ya amsa garau. Na ɗauki hotuna ta gaba da ta gefe, katanga da ƙofar baya duk suka shiga ciki, sannan na kira abokina. Murna ta sa na ɗaga murya.

"Na same ta," na ce. "Tsohuwar tana nan bayan gida, ita kaɗai, ba mai kula da ita. Fuskarta lafiya lau. Mazan duk suna gona, 'ya'yan gidan kuma an ce suna Kaduna, masu hali ne. Ka shirya igiya da bargo, ka zo da mutum ɗaya mai ƙarfi, mu ɗauke ta ranar kasuwa."

Abu biyu ne ban sani ba. Ban san akwai mutum a kan bishiyar da ke kaina yana sarar wa awakinsa ganye ba. Ban kuma san ɗakin da ke jingine da katangar nan na uwar gidan ba ne, dattijuwa, mahaifiyar waɗancan 'ya'yan na Kaduna.

Ban ga saukarsa ba. Ina tsugune ina auna gilashin da zare na ji an yi shiru irin wanda ba na Allah da Annabi ba, har kaji sun daina tono. Na waiga, sai ga maza sun kewaye ni, da gora, da adda, da bindigogin toka. Na yi musu sallama. Ba wanda ya amsa. A rayuwata ban taɓa yin sallama cikin taron Musulmi ta faɗi ƙasa ba sai ranar.

Suka tasa ni gaba zuwa ƙofar gidan mai unguwa, suka zaunar da ni a ƙasa, suka cire mini hula da takalma. Mai unguwa yana gona, an tafi kiransa. Shugaban 'yan sintiri, wani kakkauran mutum mai jan ido, ya karɓi wayata yana duba hotuna. Me zai gani? Bayan gidajen mutane ne tun daga Malikanchi har Janfalan, katangu, lunguna, ƙofofin baya. Ni mota nake ɗauka, su kuwa gida suke gani.

Mutumin kan bishiya ya maimaita maganata, bai ƙara ba bai rage ba. Saurayi ne dogo, yanzu da bindiga a hannunsa. Da na ji kalmomina a bakinsa, wallahi ni kaina sai da na tsorata da mai faɗinsu.

"Bayin Allah, mota nake nufi," na ce. "Mu a sana'armu tsohuwar mota ita ce tsohuwa."

"Mota ake rufa wa bargo?" in ji shugaban. "Sanyi take ji?"

"Gilashin ake naɗewa, kada ya fashe a hanya."

"Igiyar fa? Ita ma ta gilashi ce?"

"Ita ma."

"Kai, kowane kayan aikinku da fassararsa."

Na ce su kira lambar da na kira, su ji da kunnensu. Na ɗauka na samu mafita. Shugaban ya kira, ya sa a sifika, ya ɗora mini yatsa a baki alamar kada in tofa. Abokina ya ɗauka da fara'arsa.

"Malam na Ikara! Yaya tsohuwar tamu? Don Allah ka lallaɓa ta wajen fitarwa, kada a ji mata ciwo. In ta samu ko ɗan tabo ne Alhajin ba zai biya ba, ka san halinsu. Kuma kada ka bari 'yan garin su gane darajarta."

Shugaban ya kashe wayar.

Ƙarar da ta tashi ba zan iya kwatanta ta ba. Gora ta sauka a kafaɗata, ban ma ji zafinta ba sai washegari. Mata sun fito ƙofar gidaje. Daga bayan taron na ji wata murya tana tambaya ko akwai mai a tankin babur ɗin baƙon. Akwai. Ni na cika shi da hannuna a Ikara. Na nemi addu'ar da na haddace tun ina ƙarami na rasa farkonta, sai kalmar shahada kawai nake juyawa. Na tuna ban yi wa iyalina sallama sosai ba da zan fito, don na ce yanzu zan dawo.

Allah ya kawo mai unguwa kafin a kai ga babur. Tsoho ne siriri, da fartanya a kafaɗa, laka har gwiwa. Bai yi sauri ba. Ya jingine fartanyar, ya sa aka kawo masa buta ya wanke hannu, sannan ya zauna ya saurari kowa. Ya tambaye ni gidanmu, na faɗa.

"Na san gidan," ya ce. "Na taɓa zuwa tafsiri can. Amma ba kullum albasa take halin ruwa ba."

"Ranka ya daɗe, gaskiya ne."

"Ka ce gilashi ne sana'arka."

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"To, ga mota can, ga mu. Je ka cire shi muna kallo. Wanda ya shekara yana abu, hannunsa zai faɗa."

Wasu suka yi gunaguni, amma aka tashe ni. Ni kuwa ban ji sanyi ba, don na tuna muryar gilashin nan da na ƙwanƙwasa. Mai gishiri ne, ya shekara da shekaru a rana da ruwa, robar da ta riƙe shi ta bushe kamar ƙirgi. Ko a ranar da hankalina yake kwance, irinsa yakan tashi a hannuna. Ga kuma bindigogi a ɗane, yatsu a kan kunama, kowa jiran ƙara yake.

"Ranka ya daɗe, ina da roƙo. Irin wannan gilashin in ya fashe ƙararsa kamar harbi take. Don girman Allah a sauke bindigogi."

"Kun ji ko?" in ji shugaban. "A sauke bindigogi. Sai kuma me, mu rufe ido?"

Mai unguwa bai ce a sauke ba. Ya tambaye ni abin da nake bukata. Na ce ruwan sabulu, da cokalin katako, da mutum ɗaya da zai tsaya a waje ya tare gilashin da tafin hannu biyu. Ya dubi taron, ya nuna saurayin kan bishiya.

"Kai ka ji shi da kunnenka, kai za ka tare. Miƙa wa wani bindigar."

Saurayin ya miƙa ba da son ransa ba. Ɗaya ta ragu, sauran suna nan.

Ƙofar motar ta ƙi buɗuwa, ta taga na shiga. Ciki zafi kamar tanda, warin kashin kaji, ga ƙwai a ƙasan sitiyari, ga gidan rina a saman rufi suna shawagi. Ban ko kore su ba. Na bi bakin robar da ruwan sabulu, na sa ƙotar cokalin ina ɗaga leɓenta kaɗan kaɗan, tun daga sama. Cokalin yana ta buga gilashin, kowane bugu sai na ji shi a haƙorana. Na tsaya, na yi bisimilla a bayyane, na sake farawa.

Yadda ake cire irin wannan, kwanciya mutum yake yi rigingine a kujera, ya ɗora tafin ƙafafunsa a kusurwar sama, ya tura a hankali da ƙarfi daidai wa daida. Haka na kwanta, wayoyin kujera suna sukar bayana, cikina a buɗe, ba na ganin kowa sai fuskar saurayin nan a tsakanin ƙafafuna, ta bayan gilashi. Shi ma ni yake kallo. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Kada ka danna," na ce masa. "Tarewa kawai. In ka ji ya taho, bi shi."

Ya gyara hannu.

Na tura. Shiru. Na ƙara. Rina ta sauka a goshina tana tafiya, na bar ta. Na ƙara kaɗan, sai wani abu ya ce ƙas!

Na runtse ido. Na ji taron ya ja da baya, na ji ƙarar ƙarfe a hannun wani, na ji muryar mai unguwa ta tashi karo na farko: "Kul! Kada wanda ya motsa!" Na jira abin da zai biyo baya, daga gilashin ko daga waje. Da na buɗe ido, fuskar saurayin tana nan, gilashin yana nan. Robar ce ta tsage a kusurwa.

Daga nan ya fara saki. Na matsa da ƙafa zuwa tsakiya, sannan ɗaya kusurwar, iska mai sanyi ta shigo ta saman. Gilashin ya kwanta a ƙirjin saurayin gaba ɗayansa, lafiya lau.

"Malam, yana da nauyi," ya ce. "Fito ka kama mini."

Tun da aka kama ni, shi ne farkon wanda ya kira ni Malam a garin nan.

Muka kwantar da shi a kan ganyen kabewa. Shugaban ya zagaya gilashin, ya taɓa shi da yatsan ƙafa, ya ce shi dai abin da ya gani shi ne mutum ya iya cire gilashi, kuma ɓarawo ma yana da sana'ar rana. Wasu suka gyaɗa kai. Na ga abin bai ƙare ba.

Sai ƙofar baya ta buɗe, dattijuwar ta fito da sanda, 'yar ƙarama, ta yafa zane a ka. Aka buɗa mata hanya. Ta dubi motarta da ta zama ba fuska, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai cewa ba mai kula da ni?"

Na durƙusa. "Inna, ki gafarce ni, motar nake nufi."

"Na sani. Ina jin ka ta taga tun kana tofa wa gilashin yawu kana magana kai kaɗai. Wanda ya zo sace ni ba zai tsaya yana yi wa gilashi tabarakallah ba. Na yi ta kira, wa zai ji tsohuwa cikin ihun maza?" Ta juya ga shugaban. "Kai kuma da jan idonka, ba ka iya zuwa ka tambaye ni ba?"

Ya sunkuyar da kai. Wani ya yi dariya a baya, wani ya taya shi.

"To, Malam," ta ce, "wa ya ce maka sayarwa nake? Mayar mini da abina. Ga hadari can, kajina a ciki suke ƙwai."

Haka aka yi. Aka samo siririyar igiya a gidanta, na zagaya ta cikin ramin robar, saurayin ya riƙe gilashin a waje, ni ina ciki ina jan igiyar a hankali, leɓen robar yana hawa ƙarfe. Waɗanda ɗazu suke tambayar mai suka matso suna leƙe, ɗaya yana cewa, "Ashe da gaske ta gilashin ce." Inda robar ta tsage na cusa tsumma.

Mai unguwa ya miƙo mini waya da hula da hannunsa, ya ce in yi haƙuri, zamani ne. Na ce babu komai. Aka kira la'asar, na bi su jam'i, na kasa tsayuwa a raka'a ta biyu sai a zaune na ƙarasa. Bayan sallama mai unguwa ya ce ba zan ratsa masarar nan ni kaɗai ba, don labari ya riga ya kai ƙauyukan gaba kuma can ba su ji ƙarshensa ba. Ya sa saurayin ya raka ni bakin titi.

Saurayin ya karɓi bindigarsa ya hau bayana. Duk inda babur ya faɗa rami sai na ji gindinta a haƙarƙarina. Masara dama da hagu, ba kowa, yayyafi ya fara. Ban sani ba ko ya gamsu, ko kuwa kunyar mai unguwa ce ta sa ya yi shiru. Kowace kwana muka sha, sai in ce a nan zai ce in tsaya.

A bakin kwalta ya ce in tsaya. Ya sauka, ya tsaya riƙe da ƙarfen ɗora kaya na bayan babur ɗin, yana kallon ƙasa.

"Malam, kana yawo ƙauye-ƙauye."

"Ina yi."

"Yayana direba ne. Bara suka tare shi a hanyar yamma, har yau ba labari. Dogo ne kamar ni, yana da wushirya. Ko Allah zai sa ka ji wani abu."

Na ce in Allah ya yarda zan sa kunne, zan kuma sa a yi masa addu'a a zaurenmu. Na tambayi sunan yayan, ya faɗa, na maimaita don ya zauna mini. Ya saki babur ɗin ya koma cikin masara. Na daɗe a wurin ina taka kik, ƙafata tana zamewa, kafin injin ya tashi.